Kwana tara a Gilasgo, birnin jan dutse da ya kusa rushe kansa

Ranar da na sauka Gilasgo ana yayyafi, ranar da na bar shi ma ana yayyafi. Tsakanin biyun kwana tara ne, a ƙarshen watan Oktoban 2024, kuma ban tuna yini guda da na koma masauki takalmina a bushe ba. Na je ne ganin ɗan yayata da ke karatun injiniya a can, amma gaskiya ba shi kaɗai ne a raina ba. Kafin in taso mun yi wata doguwar gardama, ni da yayyena, a kan gidan kakanmu da ke Birni a Damagaram. Damina ta ci bangon gabas, soron zaure ya tsage, ga shi kuma a farkon Satumba tsohon masallacin Birni na ƙarni na 19 ya zube gaban idon jama'a bayan ruwa mai yawa. Babban yayanmu ya ce magana ta ƙare, a rushe gidan, a sa bulo da kwano kowa ya huta. Ni na ce a dakata. Da ya tambaye ni dalili, ban iya kawo komai ba sai cewa a nan aka haifi babanmu. Ya dube ni ya ce, "To in ya faɗo wa yara a ka fa? Kai kana Yamai." Ban da amsa. Da wannan tambayar a cikina na shiga jirgi.

Abin da ya fara ɗaukar idona a birnin shi ne launi. Daga tashar jirgin ƙasa ta Central, wadda aka buɗe a 1879, duk inda ka juya dutse ne sassaƙaƙƙe, iri biyu: wani ja kamar ƙasar da ake kwaɓa tubali, wani fari-fari mai ruwan zuma. Yaron ya ce, "Kawu, ka riƙa duban launin, shi zai gaya maka wanda ya girmi wani." Farin shi ne tsoho, nan kusa da gari aka haƙo shi, wajen Giffnock da Bishopbriggs. Da ramukan suka fara ƙarewa wajen 1890, ga kuma layin dogo ya sauƙaƙa dako, sai aka koma ɗauko ja daga kudu, musamman yankin Dumfries. Jin sunan yankin ya sa na yi murmushi, don can ne garin Annan, mahaifar Hugh Clapperton, Baturen nan da ya shiga Kano da Sakkwato a 1824, ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya dawo karo na biyu ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. Ashe daga ƙasar jan dutse ya fito ya zo ya tarar da biranen jar ƙasa.

Yawancin mutanen Gilasgo ba su san gida mai tsakar gida ba. Benaye ne masu hawa uku ko huɗu, manne da juna tun daga farkon titi har ƙarshensa, kowanne da ƙofa guda da matakala guda da iyalai shida ko takwas ke rabawa. Wannan mashiga ita ce zaurensu, kuma kamar zauren Bahaushe, tana gaya maka ƙarfin masu gida tun kafin ka yi sallama. Inda akwai hali, an manne bango da tayil mai walƙiya, kore ko ruwan ƙasa, da zanen fure ko jirgin ruwa, har hawa na ƙarshe. Inda hali ya yi ƙaranci, tayil ya tsaya a hawa na farko, ko ma fenti kawai. Wankin matakala bi da bi ne tsakanin maƙwabta, kuma wata tsohuwa da ke ƙasan ɗakin yaron ta ce mini a zamanin ƙuruciyarta macen da ta tsallake ranarta, sai unguwa duk ta ji labari.

A titin Buccleuch akwai ɗaya daga irin waɗannan gidaje da aka mayar gidan tarihi. Wata mata mai suna Agnes Toward, mai buga tafireta a wani kamfanin jiragen ruwa, ta shiga shi da uwarta a 1911, ta zauna har 1965, kuma da alama ba ta san zubar da kaya ba. Takardun haya, wasiƙu, kwalaben magani, har da kwalbar ƴaƴan itace da aka dafa da sukari tun 1929, duk suna nan. Gadonta a cikin wani loko yake a bangon madafa, kusa da murhun gawayi, don ɗumi. Na fi minti ashirin a madafar nan. Babu zinariya, babu sunan sarki, amma a duk yawon da na yi a garin babu inda na ji mutum kusa da ni kamar nan.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka haka kowa ya zauna. Ita tana da ɗaki huɗu har da banɗakinta. Talakan da ke aiki a masana'antar ƙarfe ko wurin ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Clyde, sau da yawa ɗaki guda ne da shi da mata da yara duka, makewayi kuma a kan matakala, na kowa da kowa. A shekarun 1930 mutanen birnin sun haura miliyan ɗaya, unguwanni irin su Gorbals sun yi suna a Turai wajen cunkoso da tarin fuka. Hayaƙin gawayi kuma ya rufe dutsen nan mai kyau da kunkunniya, har yara suka tashi suna zaton baƙi ne launinsa na asali.

Lokacin da aka ɗauko gatari

A 1945 babban injiniyan birnin, Robert Bruce, ya fitar da wani tsari da in ka karanta yau sai ka riƙe baki. Shawararsa ita ce a share tsakiyar gari kusan ɗungurungum a sake sabo, har da tashar Central, da fadar majalisar birni, da makarantar koyon zane da zan zo kanta. Ba a bi shi duka ba, Allah ya taimake su. Amma an bi wani ɓangare. An rushe unguwanni sukutum, an tsaga babbar hanyar mota ta M8 ta ratsa cikin gari ta raba shi biyu, an kwashe dubban iyalai zuwa bayan gari ko cikin dogayen benayen siminti. Na Red Road, da aka gina a shekarun 1960, sun kai hawa talatin, kuma an yi alfahari da su ƙwarai a lokacin. Da farko mutane sun yi murna, don ga ruwan zafi, ga banɗaki a cikin gida. Daga baya sanyi da danshi suka shiga, na'urar hawa ta riƙa lalacewa, ba kanti kusa, ba maƙwabcin da ka sani. A ƙarshen rayuwarsu masu neman mafaka aka riƙa zubawa a ciki, da yawa daga Afirka. An tashe su da nakiya tsakanin 2012 da 2015. Benayen Gorbals da shahararren mai tsara gini Basil Spence ya zana ba su ma kai shekara talatin ba, an rushe su a 1993.

Da yaron yake ba ni wannan labari muna tsaye a kan gada muna kallon motoci a ƙasa, na so in ce ka gani, ga abin da nake gaya wa kawunka babba. Amma na haɗiye. Mutanen da suka ɗauko gatarin nan ba mahaukata ba ne. Sun ga yara na mutuwa a ɗaki guda, suka ce dutse ba ya fin rai. Maganar yayana ce sak.

Abin da ya juya tunanin birnin iska ce. A tsakiyar Janairun 1968 wata guguwa ta afka wa tsakiyar Sikotlan da dare, ta kashe mutum wajen ashirin, ta yaye rufin dubban gidaje, bututun hayaƙi suka riƙa faɗowa cikin ɗakuna. Ba yadda za a rushe wannan yawa a lokaci guda, dole aka shiga gyara. A cikin gyaran ne aka gane cewa bangon tsofaffin benayen lafiyarsa ƙalau, rufi ne da rashin kulawa suka kashe su. Mazauna unguwanni irin su Govan suka kafa ƙungiyoyinsu na gidaje, aka haɗa ƙananan ɗakuna biyu suka zama gida guda, aka sa banɗaki a ciki, mutane na nan a unguwarsu. Sannan aka wanke kunkunniyar, ja da farin suka fito. A 1990 Gilasgo ya zama birnin al'adu na Turai, gidajen da aka so zubarwa kuma yau su ake rububi.

Kuɗin wa ya sayi dutsen?

Rana ta uku yaron ya ce yau sunayen tituna za mu karanta. Virginia. Jamaica. Buchanan. Glassford. Ingram. Oswald. Biyun farko wurare ne, sauran kuma iyalan attajirai ne na ƙarni na 18. Bayan haɗewar Sikotlan da Ingila a 1707, ƴan kasuwar Gilasgo suka samu shiga cinikin yankunan da Ingila ke mulka a Amurka, har akwai lokacin da wajen rabin tabar da ke shiga Birtaniya ta hannunsu take bi, su kuma su sayar wa Faransa da sauran Turai. Bayan taba sai sukari da auduga. Wa ya noma? Bayi ne da aka kwaso daga Afirka. Jiragen bayi kaɗan ne suka tashi daga Clyde in an kwatanta da Libaful, kuma da wannan hujja birnin ya daɗe yana wanke hannunsa, amma gumin bayin nan ne ya zama ginshiƙai.

Ginin da yanzu yake gidan baje kolin zanen zamani, mai manyan ginshiƙai a dandalin Royal Exchange, asalinsa gidan mutum ɗaya ne, William Cunninghame, attajirin taba, wanda ya gina shi a 1778 kan fam 10,000. Akwai kuma wani zanen iyalin John Glassford a cikin kayan birnin: maigida, uwargida, yara cikin siliki, kwandon ƴaƴan itace. A can gefe, bayan kujerar maigidan, akwai wani yaro baƙar fata da kusan ba a ganinsa. An daɗe ana cewa goge shi aka yi da gangan, sai da aka tsabtace zanen a 2007 aka ga datti ne na shekaru ya rufe shi. Ba wanda ya rubuta sunansa.

A 2019 Jami'ar Gilasgo, bayan ta binciki kyaututtukan da ta karɓa daga dukiyar bauta, ta yi alkawarin tara fam miliyan 20 don aikin haɗin gwiwa da Jami'ar West Indies. A 2022 majalisar birnin ta nemi gafara a fili, kuma a shekarar ce ta amince a mayar wa Najeriya tagullan Benin da ke gidajen tarihinta, cikin waɗanda sojan Birtaniya suka kwashe a 1897. Ko wannan ya isa? A ganina bai isa ba. Amma na san birane da yawa, har a nahiyarmu, da ba su taɓa buɗe wannan littafin ba ko shafi guda. Kuma garin nan shi ne ya ba Nelson Mandela lambar ɗan gari a 1981 yana kurkuku, a 1986 ya sa wa dandalin da ofishin jakadancin Afirka ta Kudu yake sunan Mandela, don duk wasiƙar da za ta zo musu ta zo da sunan fursunansu. Wannan tsiya ta burge ni.

Irin wannan tsiyar ce a kan mutum-mutumin Wellington da ke kan doki a ƙofar gidan Cunninghame tun 1844. Tun shekarun 1980 matasa ke hawa da dare su kifa masa robar nan mai tsini da ake jerawa a titi in ana gyara, ta zama hularsa. Hukuma ta cire, su mayar. A 2013 aka ware kuɗi don a ƙara tsawon dakalin yadda ba mai iya hawa, jama'a suka yi ca, aka janye. Ranar da na je dokin ma yana da tasa hular.

Kelvingrove

Gidan tarihi na Kelvingrove, jan dutse tun daga tushe har hasumiya, an buɗe shi a 1901 kuma shiga kyauta ne. Wannan kyautar ba ƙaramin abu ba ce. Na ga ƴan makaranta, na ga tsofaffi da suka shigo gudun ruwa, na ga wani da kayan aikin gini a jikinsa yana cin burodi a kan benci. A zaure guda ga giwa a tsaye, jirgin yaƙi na Spitfire na rataye bisa kanta. Da ƙarfe ɗaya na rana wani ya hau sama ya kaɗa ƙaton ogan mai bututu, gidan duk ya ɗauka.

Zanen da kowa ke tururuwa gare shi na Salvador Dalí ne, na Almasihu a kan gicciye kamar yadda Kirista suka yi imani, an zana shi daga sama kamar mai leƙowa daga gajimare. Birnin ya saye shi a 1952 kan fam 8,200, har da haƙƙin buga hotonsa, aka yi ta surutu cewa ɓarnar kuɗi ce, har ɗaliban zane suka kai ƙorafi. Kuɗin sun daɗe da dawowa ta cinikin hotuna. Ni kam wanda ya tsayar da ni wani ne, na James Guthrie, ɗaya daga matasan masu zane da aka yi wa laƙabi da Samarin Gilasgo a shekarun 1880. Jana'iza ce a ƙauye: akwati a kan kujeru a ƙofar gida, maza zalla cikin baƙaƙen kaya sun sunkuyar da kai, limaminsu ya ɗaga hannu. Ba mace ko ɗaya a waje. Wallahi ka canza musu tufafi, ka ce ƙofar gidanmu ce bayan sallar asuba.

Juma'a muka yi a babban masallacin birnin da ke Gorbals, a bakin kogi, wanda aka buɗe a 1984. Sun gina shi ja don ya shiga dangi da maƙwabtansa, ƙubbarsa kuma ta gilashi ce, haske na zubowa kan sahu.

Mackintosh da makarantar da ta ƙone sau biyu

Ba ka yini a Gilasgo ba ka ci karo da sunan Charles Rennie Mackintosh ba. Furen wardinsa mai kusurwa yana kan kofi, kan gyale, kan ɗan kunne. Wanda ya ga wannan ciniki ba zai yarda cewa mutumin ya bar garin a 1914 ba aiki, rai a ɓace ba. Ɗan wani jami'in ƴan sanda ne, an haife shi a 1868. Da shi da matarsa Margaret Macdonald, wadda hannunta ke cikin yawancin adon ɗakunansa, sun yi suna a Biyana tun 1900, amma a gida ana ganin aikinsu baƙo ne. A lokacin yaƙin duniya na farko ma an taɓa tsare shi a wani ƙauyen Ingila bisa zargin leƙen asiri, saboda wasiƙun da yake samu daga abokansa na Jamus da Ostiriya. Ya ƙare yana zanen duwatsu da furanni a kudancin Faransa, ya rasu a Landan a 1928.

Mun sha shayi a gidan shayin Willow da ya tsara wa Kate Cranston a 1903 a titin Sauchiehall. Ita matar ta gina kasuwancinta ne a kan samar wa mutane, musamman mata, wurin zama da ba mashaya ba. Shi kuma bai tsaya a bango ba: kujera, cokali, fitila, ƙyaure, har tufafin masu hidima, duk sai da suka bi ta hannunsa da na matarsa. Kujerun masu dogon baya sun fi kyau a ido da a gadon baya, wannan kam na shaida.

Daga nan muka hau tudun Garnethill. Yaron ya yi shiru, ni ma na yi. Abin da ke gabanmu wani ƙaton abu ne a naɗe cikin farin leda, ƙarafa sun tallafe shi ta kowane gefe. Ba abin da ya zo mini a rai sai likkafani.

Makarantar koyon zane ta Gilasgo ke nan. Mackintosh yana da shekara 28, ƙaramin ma'aikaci a kamfanin wasu, lokacin da zanensa ya ci gasar a farkon 1897. Kuɗi ba su isa ba, sai aka gina rabi tsakanin 1897 da 1899, sauran rabin tsakanin 1907 da 1909. Ta fuskar arewa ya buɗe manyan tagogi don masu zane su samu hasken da ba ya sauyawa da tafiyar rana. Ta kudu ginin ya yi kama da tsohuwar ganuwar sarakunan Sikotlan. A yamma kuma ya sa ɗakin karatu, na katako mai duhu, ginshiƙai na tashi kamar kututture a kurmi, fitilu na rataye a tsakiya, tagogi dogaye sirara. Masana da yawa na lissafa ɗakin nan cikin mafi kyau da aka yi a Turai a zamaninsa. Kuma ba wurin kallo ba ne kawai, ɗalibai na aiki a ginin fiye da shekara ɗari, suna ɗiga fenti a ƙasa.

Ranar 23 ga Mayun 2014 wani aikin ɗalibi a ɗakin ƙasa ya kama wuta: iskar gas daga gwangwanin kumfa ta haɗu da zafin na'urar haska hoto. Tsofaffin hanyoyin iska da ke cikin bango, masu rufin katako, suka ja wutar sama kamar bututu. Ana cikin sa na'urar kashe gobara a ginin a lokacin, ba a gama ba. Ƴan kwana-kwana sun ceci mafi yawan ginin, amma ɗakin karatu ya tafi. Aka tara kuɗi, aka nemo masassaƙa, aka tattara gutsattsarin fitilun daga cikin toka ana haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Shekara huɗu ana wannan aiki. Ana gab da gamawa, daren 15 ga Yunin 2018, wuta ta sake tashi, wannan karo ta cinye kusan komai sai bango, ta haɗa da gidan kiɗa na O2 ABC da ke maƙwabtaka. Mutanen unguwar sun yi makonni ba a bar su sun shiga gidajensu ba. Rahoton hukumar kashe gobara ya fito a Janairun 2022, ya ce ɓarnar ta yi yawan da ba a iya gano musabbabi ba.

Makarantar ta ce za ta mayar da ginin yadda yake, tunda zanen Mackintosh na nan, an kuma auna kowane lungu bayan gobarar farko. Amma lokacin da aka ɗiba sai ja da baya yake yi, ga taƙaddama da kamfanonin inshora. Mutanen gari kuma sun rabu. Wasu na cewa in dai da zanensa aka bi, ginin nasa ne, ai shi ma ba da hannunsa ya sassaƙa dutsen ba. Wasu na cewa kwaikwayo ne za a samu, gara a kashe kuɗin kan gine-ginen da ke raye suna ruɓewa. Masu wannan magana sukan nuna Egyptian Halls na Alexander Thomson a titin Union, wanda ya yi shekaru a bayan ƙarafa benayensa na sama ba kowa. Thomson ɗin nan, da ya rasu a 1875, ya cika garin da ginshiƙai irin na Girka da Masar alhali bai taɓa taka ko ɗaya cikin ƙasashen ba. Cikin manyan majami'unsa uku, bam ɗin Jamus ya ci ɗaya a 1943, gobara ta ci ɗaya a 1965, saura guda a titin St Vincent.

Ni da na fito daga inda ake sake yaɓe duk shekara, na fi karkata ga na farko. Hasumiyar Agadas ai ba ƙasar ƙarni na 16 ce kaɗai a jikinta ba, hannu nawa ya taɓa ta, kuma ba wanda ya ce ba ita ba ce. Amma fa can sana'ar ba ta yanke ba. A Garnethill sai an nemo masu hannun da fitila.

Gidan da aka sa wa sulke

Ana jibi zan tafi, yaron ya ce, "Kawu, akwai wani gida da nake so ka gani, saboda maganarku da Kawu babba." Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Helensburgh, ƙasa da awa guda, muka hau tudu a ƙafa ina haki. Hill House ke nan, gidan da Mackintosh ya gina wa mai buga littattafai Walter Blackie tsakanin 1902 da 1904. Sai dai ba ka fara ganin gidan ba. Keji kake gani, ƙato, mai rufin ƙarfe, bangonsa kuma sulke ne, irin na mahaya a hawan salla, zobba fiye da miliyan 32 a sarƙe. Tun 2019 aka kifa shi a kan gidan. Sulken na tare ruwan sama, iska kuma na ratsawa tana busar da bango sannu a hankali. Akwai matakala a ciki da za ka hau har ka leƙa rufin gidan daga sama.

Me ya kawo haka? Siminti. Magina na Sikotlan tun dā da farar ƙasa suke yaɓe bangon dutse, ita kuma tana shan ruwa tana fitarwa. Mackintosh, mai son sabon abu, ya yi amfani da siminti wanda a lokacin ake yayinsa, ya kuma rage duwatsun da ke leƙowa bisa bango suna kore ruwa, don gidan ya fita sumul. Siminti ya tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin dutsen daga ciki fiye da shekara ɗari.

Na tsaya a kan matakalar nan na ji jikina ya yi sanyi, ba na iska ba. Bangon gabas na gidanmu, wanda hadari ke fara duka, shi ne kaɗai baffanmu ya sa aka shafe da siminti ina yaro, don a huta da yaɓen kowace shekara. Na tuna har walima aka yi. Sauran bangaye uku da aka ci gaba da yi wa makuba suna nan a tsaye. Na gabas ɗin ne in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ganga, simintin ya rabu da tubali, abin da ke bayansa ya zama gari.

A cikin jirgi muna komawa na tura wa yayana hotunan kejin ta WhatsApp, na yi masa dogon bayani da murya, har da farar ƙasa da tsaga da komai. Bai amsa ba sai da dare, muna cin tuwon semo da yaron ya tuƙa. Muka sa wayar a tsakiya.

"Na ji, Malam Bature," ya ce. "To mu wa zai saya mana sulken? Yara dai na kwashe su daga ɗakin gabas tun jiya, suna wajen Inna. Na yi magana da tsohon maginin nan na bayan fada, ya ce simintin zai ɓamɓare duka ya ga abin da ya rage, in tushe na da rai zai ɗora, in babu ba ruwansa. Ya ce azara shida ake nema, kuma yanzu giginya ta yi tsada. Ka aiko da kuɗin azara da makuba kafin azumi. In azumi ya kama ban gani ba, bulo zan saya, kada ka ce ban gaya maka ba."

Yaron ya dube ni yana dariya. Na ce ya ba ni biro da takarda, muka fara mayar da fam zuwa sefa.